Gwaji Ya Nuna Ƙodar Maigidana Ta Taɓu: Wankin Ƙoda Ne Ya Rage Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana da shekara 54, ya fi shekara goma da ciwon suga, hawan jini kuma ya shigo daga baya. Watannin nan fitsarinsa na yin kumfa, da yamma ƙafafunsa su kumbura har safa ta bar sawu, kuma yakan tashi fitsari sau uku da dare. Bayansa na ciwo, kusan kullum sai ya sha diclofenac. An yi gwajin jini, takarda ta nuna kiriyatinin 1.9, eGFR 41, likita ya ce ƙoda ta taɓu. Wasu sun ce ya dinga ɗirkar ruwa don ƙodar ta wanku, wasu sun kawo masa jiƙo. Shin wankin ƙoda ne ya rage mana? Ni a shirye nake in ba shi ƙodata guda.

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kike yi masa. A'a, mai lamba 41 a eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, bai kai ga wankin ƙoda ba, kuma da yawa daga masu wannan lambar ba sa kai wa can har ƙarshen rayuwarsu. Amma tun kafin ki gama karanta wannan amsar, a ɗauke diclofenac ɗin nan daga inda hannunsa zai kai. A duk abin da kika lissafa, shi ne ya fi tayar mana da hankali, shi ne kuma mafi sauƙin gyarawa. Dalilin zai fito fili idan kika ga yadda ƙodar take aiki.

Ƙoda biyu ce, kowace tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta kimanin giram 150. Suna can baya, hagu da dama na ƙashin baya, haƙarƙarin ƙarshe ya rufe samansu, ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta na bisa kanta. Ki lura da wurin: sama da ƙugu ne sosai. Ciwon bayan da yake zama a ƙasa, wajen ɗaurin wando, wanda yake ƙaruwa in an sunkuya ko an daɗe a zaune, mafi yawansa na tsoka ne da gaɓoɓin ƙashin baya. Ƙodar da suga ko hawan jini ke ci ba ta yin ciwo, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Wadda take ciwo ita ce mai tsakuwa, ko wadda ƙwayoyin cuta suka hau har ta kawo zazzaɓi da rawar sanyi, ko wadda hanyar fitsarinta ta toshe.

Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ƙodojin nan yake bi, fiye da lita ɗaya kowane minti. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ana kiran kowane nefron. Nefron yana farawa da wani dunƙulen siraran jijiyoyin jini, jijiya ɗaya tana shigo da jini cikinsa, wata tana fita da shi. Matsin da ke tsakanin mai shiga da mai fita ne yake tura ruwan jini ta bangon dunƙulen. Bangon kamar rariya yake: ruwa da gishiri da suga da dattin jiki suna wucewa, ƙwayoyin jini da furotin, musamman wanda ake kira albumin, suna da girman da ba sa wucewa, sai su ci gaba da tafiya cikin jini.

Abin da ake tacewa haka a wuni ɗaya ya kai lita 180, alhali fitsarin mutum bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Sauran duka, sama da kashi 99 cikin ɗari, ana mayar da shi jiki ta wani dogon siririn bututu da ke biye da dunƙulen. Sashen farko na bututun yana tsotse kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, da dukkan suga, muddin sugan jini bai haura kimanin 180 ba, wato 10 a ɗaya ma'aunin. In ya haura, suga ya zube cikin fitsari ya ja ruwa ya bi shi. Daga nan bututun ya nutsa tsakiyar ƙoda ya lanƙwaso ya dawo, kuma wannan lanƙwasar ce take ba ƙoda ikon kaurara fitsari idan jiki na buƙatar tanadin ruwa. A ƙarshen bututun ake daidaita fotasiyam, wani nau'in gishiri da ke cikin jini, da tsamin jini, ake kuma yanke yawan ruwan da za a saki. Abin da ya rage ya gangara ta bututu biyu masu tsawon santimita 25 zuwa 30 zuwa mafitsara, wadda take iya riƙe kusan rabin lita.

Bayan tacewa, ƙoda tana sakin sinadarin renin mai hannu a hawa da saukar jini, tana aika wa ɓargo sinadarin da yake sa shi ƙera jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma kunna bitamin D don ƙashi ya samu kalsiyam. Saboda haka mai ciwon ƙoda jininsa ke hawa, ya yi ƙarancin jini, ƙashinsa ya yi rauni, tun yana fitsari kamar kowa.

Yanzu ga abin da yake faruwa a jikin maigida. Suga mai yawa na tsawon shekaru yana buɗe jijiyar da ke shigar da jini dunƙulen fiye da kima, matsi ya ƙaru a ciki, bangon ya kaurara kuma ya fara yoyo. Hawan jini ya zo ya ƙara matsin. Albumin ya fara tsallakewa, shi ne kumfar da kuke gani, irin wadda take taruwa ta daɗe ba ta washe ba. Furotin ɗin da ya tsallake yana ƙona bututun da yake bi, nefron ya mutu ya zama tabo, kuma jiki ba ya yin sabo. Waɗanda suka rage su ɗauki aikin matattun, matsi ya ƙaru a kansu, su ma su fara yoyo. Wannan zagayen shi ne cutar, kuma duk maganin kirki da za a ba shi ƙoƙarin sassauta wannan matsin ne.

Kumburin ƙafa daga gishiri da ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa ne, amma a duba katin magungunansa: amlodipine, wanda ake yawan bayarwa don hawan jini, shi kansa yana kumbura idon sawu, diclofenac ma yana riƙe ruwa, raunin zuciya ma haka. Tashin dare kuwa yana iya zama ƙoda ta rage ikon kaurara fitsari, ko suga ya hau, ko ruwan da ya taru a ƙafa da rana ne ya komo jini da ya kwanta. A shekarunsa akwai kuma firostet, ƙullin da ya kewaye hanyar fitsarin namiji a ƙarƙashin mafitsara. In ya girma ya matse hanya, fitsari ya dinga saura, matsin ya koma baya har ƙoda. Ki tambaye shi ko fitsarin na jinkirin fitowa, ko ya rage ƙarfi, ko yana ɗiga bayan ya gama. Wannan irin toshewar ana buɗe ta, kuma ƙoda takan farfaɗo in an yi da wuri.

Ga inda diclofenac ya shigo. Ƙodar da ta raunana tana dogara da wasu sinadarai da take yi da kanta don riƙe jijiyar shiga a buɗe. Diclofenac da 'yan gidansu, ibuprofen, naproxen, piroxicam, suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin waɗannan sinadaran. Ciwon baya ya lafa, jijiyar ta tsuke, jinin da ke isa matatan ya ragu, hawan jini ya ƙaru. Ga mai lafiyayyar ƙoda da ya sha na kwana biyu, yawanci ba komai. Ga mai suga da hawan jini da yake sha kullum, ɓarna ce a kan ɓarna. Da yiwuwar wani ɓangare na faɗuwar lambarsa daga ƙwayar nan ne, kuma zai iya dawowa in ya daina. Ya koma paracetamol, giram ɗaya a lokaci guda, tazarar aƙalla awa shida, kada ya wuce giram uku a wuni. A gasa bayan da ruwan ɗumi, ya dinga motsa jiki, a kuma nuna wa likita bayan a matsayin matsala mai zaman kanta. A karanta jikin duk wani haɗin maganin ciwon jiki ko na mura, don sau da yawa ɗaya daga cikin waɗancan sunayen yana ɓoye a ciki.

Sai lambobin takardar. Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda ce take share shi, don haka in ya taru a jini an san tacewa ta ragu. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta 1.9 ɗin nan a matsayin 168, ma'auni ne kawai ya bambanta. Daga shi da shekaru da jinsi ake lissafa eGFR, wato kiyasin mililita nawa ake tacewa a minti. Na matashi mai lafiya yana kai wa 100 ko fiye. Ana kasa ciwon ƙoda mataki biyar. Daga 59 zuwa 45 kashin farko ne na mataki na uku, 44 zuwa 30 kashi na biyu, inda maigida yake. 29 zuwa 15 mataki na huɗu, ƙasa da 15 na biyar. Ko a na biyar ɗin ba lamba kaɗai ake dubawa ba. Yawanci ana fara wanki ne idan ta sauko wajen 10 zuwa 5 tare da alamomi irin su amai, ƙin abinci, ruwa a huhu, ko fotasiyam da ya ƙi sauka.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ba a cewa ciwon ƙoda ya zama na dindindin sai matsalar ta wuce wata uku. A maimaita gwajin bayan mako biyu da daina diclofenac, a sake bayan wata uku, a nemo duk tsofaffin takardunsa a jera su bisa kwanan wata. Abin da muke so ki riƙe shi ne saurin saukar. Wanda yake kan 41 yana rasa biyu a shekara, sai ya yi shekara goma sha biyar kafin ya kai 10. Wanda yake rasa goma a shekara, cikin shekara uku ya isa. Tsakanin waɗannan biyun akwai abubuwa da yawa da suke hannunku.

Akwai gwajin da ba mu gani a wasiƙarki ba, kuma muhimmancinsa bai gaza na jinin ba: auna albumin a fitsari, wanda ake rubutawa ACR, da fitsarin farko na safe. Ƙasa da 30 daidai ne, 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 yoyo ya yi yawa. In ɗakin gwajin yana amfani da ɗaya ma'aunin, iyakokin su ne 3 da 30. Wannan lambar ce ta fi nuna saurin da cutar za ta yi, da ita kuma ake gane ko magani na aiki. A haɗa da hoton ƙoda da mafitsara kafin fitsari da bayansa, da fotasiyam, da yawan jini, da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata uku. A kuma duba bayan idonsa, domin sugan da ya taɓa jijiyoyin ƙoda yakan taɓa na ido. In idon lafiya lau yake, ko akwai jini a fitsari, ko lambar na faɗuwa da sauri, likitan ƙoda zai so ya tabbatar ba wata cutar daban ba ce. Ku nemi a tura ku wurinsa tun yanzu.

A kan magani, kada ki sayo komai da kanki, amma ki je da tambayoyi. Na farko, shin yana kan ɗaya daga cikin magungunan da sunansu ke ƙarewa da pril, kamar lisinopril, ko sartan, kamar losartan? Waɗannan suna sassauta jijiyar fita, matsin cikin dunƙule ya sauka, yoyon ya ragu. Ɗaya ake sha, ba a haɗa biyun. Bayan farawa ko ƙara ƙarfi ana gwada kiriyatinin da fotasiyam cikin mako biyu zuwa huɗu. Kiriyatinin yakan ɗan hau, kuma in hawan bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba alamar matsi ya sauka ne. Mutane da yawa suna tsorata su yar da maganin a nan, su rasa abin da ya fi kare su. Na biyu, dapagliflozin ko empagliflozin. Don suga aka fara yin su, sai manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2020 da 2022 suka nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda ƙwarai, kuma ana iya fara su matuƙar lambar eGFR ba ta sauka ƙasa da 20 ba. Suna fitar da suga ta fitsari, don haka ana buƙatar tsaftar gaba sosai saboda ƙaiƙayi. Na uku, magungunan sugansa na yanzu. Metformin a lamba 41 ana rage shi, kada ya wuce miligiram 1000 a wuni, ƙasa da 30 kuma a daina. Glibenclamide yana taruwa a jikin mai raunin ƙoda ya faɗar da suga har mutum ya suma, gara a sauya shi. Insulin ma yakan daɗe a jiki, don haka in kika ga sugan da ya daɗe yana gagara ya fara sauka da kansa, a sanar da likita. Na huɗu, maganin kitsen jini. Mai wannan matakin haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ya fi kusa da shi fiye da wankin ƙoda, shi ya sa ake ba wanda ya haura shekara 50 irin su atorvastatin. In yana shan taba, barinta na cikin maganin.

Ku mallaki na'urar awon jini a gida. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, hannu a daidai ƙirji, a auna sau biyu safe da yamma, a rubuta. Abin nema shi ne ƙasa da 130 bisa 80.

Gishiri kada ya wuce giram biyar a wuni, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin sinadaran ɗanɗano, abincin gwangwani da duk abin da aka adana da gishiri. Gishiri mai yawa yana karya ƙarfin magungunan da muka ambata. Kada a maye shi da gishirin da ake tallatawa don masu hawan jini, domin fotasiyam ne a ciki, kuma fotasiyam in ya taru yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Amma kada ki hana shi 'ya'yan itace da ganye haka kawai, sai in gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa ya hau. Furotin kuma a daidaita, kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa. Muna ganin illar tsananta wa marar lafiya har ya rame, ramar nan ita ma cuta ce.

Batun ɗirkar ruwa: ruwa ba ya wanke tabo. An gwada wannan a Kanada a kan masu mataki na uku, aka wallafa a 2018, kuma ƙarin ruwa bai rage saurin saukar ba bayan shekara guda. Ya sha gwargwadon ƙishi, ya ƙara in yana gumi, fitsari ya kasance rawaya mai haske. Mai tsakuwar ƙoda ne ake umarta da sha da yawa. Ga mai kumburi, ruwan da ya wuce kima yana iya komawa huhu. Jiƙon kuwa a mayar wa masu shi da godiya. Duk abin da ya shiga jini ta ƙoda zai bi, kuma ba wanda zai iya gaya miki abin da ke cikin jiƙo da yawansa. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata da dama sun rasa ƙodojinsu sakamakon wani haɗin tsirrai na rage ƙiba, saboda wata guba da ke cikin tsiro ɗaya. Ƙodar da aikinta ya ragu zuwa kusan kashi arba'in cikin ɗari ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita.

Ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi mai hana ci da sha ya kama shi, a kira likita a ranar. Galibi ana dakatar da metformin, da pril ko sartan, da dapagliflozin, da maganin sa fitsari na kwana ɗaya ko biyu har ya dawo ci da sha, saboda a jikin da ya bushe suna iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. Duk inda za a rubuta masa magani, ko a yi masa hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya, ya faɗi lambarsa tun kafin a tambaya. A tafi asibiti ba jira in numfashi ya yi wuya musamman a kwance, ko fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya rikice, ko gaɓoɓinsa suka saki, ko bugun zuciya ya canza.

Kyautar ƙodarki kuwa, Allah Ya karɓi niyyarki, amma lokacin maganar bai yi ba. Ana fara shirin dashe ne idan lambar ta sauko wajen 20. Mata na iya ba mijinta in rukunin jini da gwajin dacewa sun yarda, kuma mai ƙoda ɗaya lafiyayya yana rayuwarsa daidai, domin wadda ta rage tana girma ta ɗauki mafi yawan aikin. Sai dai ba a karɓa sai daga wanda aka tabbatar ƙodarsa da sugansa da jininsa lafiya suke, don haka ke ma ki auna jininki da suganki da fitsarinki a zuwanku na gaba. In lambarsa ta sauka ƙasa da 30, ku tambayi likitan ƙoda wane hannu za a keɓe, a daina ɗibar jini da sa ƙarin ruwa a jijiyoyin damtsensa, a koma bayan tafin hannu, saboda waɗannan jijiyoyin ake haɗawa a yi hanyar wanki in an taɓa buƙatarta, kuma hanyar tana ɗaukar mako shida zuwa goma sha biyu kafin ta isa a yi amfani da ita.